Wace gansakuka ce 'yar'uwar tsirrai ta kusa?

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta hana ni sakat tun jiya. A ɗakin gwaji an ba mu kwalba biyu na ruwan tafki mu duba a madubin ƙara girma. A ta farko akwai wata koriyar aba mai suna Chara, tana da kara da gaɓoɓi, rassa sun zagaye kowace gaɓa, har da wasu zarurruka a gindi kamar saiwa. Wanda bai sani ba sai ya rantse tsiro ne. A ta biyu kuma gansakukar nan ce mai yauƙi da ke taruwa a saman ruwa, Spirogyra, zare ne kawai, ba reshe ba gindi. Sai malamarmu ta ce a cikin biyun, mai yauƙin ce ta fi kusa da itatuwa da ciyayin tudu ta wajen asali. Na rubuta saboda jarrabawa, amma zuciyata ba ta yarda ba. Don Allah wanda ya sani ya warware mini.

Nura:
Wa alaikumus salam. Ni ma Chara aka koya mana. Ina jin malamar taku ce ta juya sunayen.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Ba ta juya ba, Nura. Abin da aka koya maka shi ne abin da littattafai suka daɗe suna faɗa, ni ma na yi shekaru ina koyar da shi haka. Amma kafin mu shiga, bari mu share fage, domin kalmar gansakuka tana ɗaukar kaya da yawa a bakinmu. Koren nan mai laushi kamar darduma da ke fitowa a jikin dutse mai damshi, shi ma gansakuka muke ce masa, alhali shi cikakken tsiron tudu ne. Akwai kuma wani kore mai sirkin shuɗi da ke rufe ruwa kamar an zuba fenti, wannan yawanci bakteriya ce. Kainuwa kuwa tsiro ce mai fure, ba ta cikin wannan magana sam.

Korayen gansakukar ruwa na gaskiya sun rabu gida biyu tun fiye da shekara miliyan 700 da suka wuce. Gida ɗaya ana kiransa Chlorophyta, a cikinsa ne mafi yawan na teku suke, da wasu da dama na ruwan daɗi. Ɗaya gidan shi ne Streptophyta, kuma a cikinsa ne duk wani tsiron tudu yake, daga ƙaramar ciyawa har itacen da ya fi kowane tsawo. Tare da tsirran, a wannan gida akwai zuriya kamar shida na gansakuka, kusan dukkansu na ruwan daɗi ko ƙasa mai damshi: Mesostigma, Chlorokybus, Klebsormidium, dangin Chara, dangin Coleochaete, sai dangin Spirogyra. To Chara da Spirogyra duk 'yan gida ne. Tambayar Rukayya ita ce wa ya fi kusa a cikin 'yan gidan.

Rukayya:
Na gode Malam. To amma me ya sa ba Chara ba? Na ga har ƙwanta da idona, an naɗe shi da wasu zarurruka a murɗe, ga wani ɗan ƙwallo ruwan goro a kusa da shi.

Dakta Binta:
Ƙanwata, idonki bai yaudare ki ba, kuma manyan masana sun bi hanyar da kika bi. Ɗan ƙwallon nan ruwan goro shi ne gidan ƙwayoyin namiji, abin da aka naɗe kuma gidan ƙwan mace ne, ƙwayoyin halitta biyar ne suka murɗe shi. Ƙwayar namijin Chara tana da wutsiya biyu, tana iyo ta je ta sami ƙwai, kuma in kin ajiye ta kusa da ta gansakukar dutse, wato tsiron da Malam ya ambata, za ki ga kama sosai. Chara tana girma daga tsininta kamar tsiro. Idan ƙwayar halittarta za ta rabu biyu, sabon bango yana farawa daga tsakiya ya bazu zuwa gefe, kamar yadda ake yi a tsirrai. Har a shekarar 2001 an fitar da wani bincike da ya gwada ƙwayoyin gado guda huɗu, wato guntayen bayanin halitta da ake gada daga iyaye, ya ce dangin Chara su ne mafi kusa. Kowa ya ji daɗi, domin amsar ta dace da abin da ido ke gani.

Abin ya fara warwarewa ne da aka sami ikon karanta ƙwayoyin gado da yawa a lokaci ɗaya. Daga wajen 2011 bincike ya riƙa nuna dangin Spirogyra, waɗanda ake kira Zygnematophyceae. A 2014 an gwada ƙwayoyin gado sama da 800, amsar ta fito haka. A 2019 wani gagarumin aikin haɗin gwiwa da ya tattara bayanan tsirrai da gansakuka sama da iri dubu ya sake fitar da ita. Kama da wane ba ta wane, wannan shi ne labarin Chara.

Sagir:
Dakta, da girmamawa, ga inda nake da ja. A 2001 an ce Chara, an rubuta a littafi, an ci wasu ɗalibai maki a kai. Bayan shekara goma an ce a'a. Wa ya ba ni tabbacin nan da shekara goma ba za a ce Coleochaete ba? Kuma ana maganar abin da ya faru shekara miliyan ɗari huɗu da wani abu, ba wanda yake wurin.

Dakta Binta:
Tambayarka a kan hanya take, Sagir. Ba zan ce maka ƙofar gyara a rufe take ba. Amma ka dubi irin canjin da aka yi. Shaidu huɗu aka saurara a karo na farko, a karo na biyu aka saurari ɗaruruwa. Kuma ba daga wuri ɗaya shaidun suka fito ba: an duba gadon da ke cikin cibiyar ƙwayar halitta, an duba wanda ke cikin koren ɗakin da ake haɗa abinci da hasken rana, wato kuloroplas, ƙungiyoyi dabam-dabam a ƙasashe dabam-dabam, da hanyoyin lissafi dabam-dabam, aka riƙa dawowa wuri ɗaya. Wahalar tun farko ita ce waɗannan zuriya uku, Chara da Coleochaete da dangin Spirogyra, da kakannin tsirrai, sun rabu ne kusa da kusa a lokaci, saboda haka alamar da ta rage kaɗan ce, ƙwayoyin gado huɗu ba su isa su kamo ta ba.

Batun ba wanda yake wurin kuma, duwatsu suna wurin. An sami ƙwayoyin iri masu kama da ƙura na tsirran tudu a cikin duwatsun da suka kai shekara miliyan 470. A Rhynie, a Sikotland, akwai wani dutse da ya adana tsirrai na kimanin shekara miliyan 407 har ana ganin ƙwayoyin halittarsu, kuma a cikinsa akwai wata 'yar'uwar Chara da aka sa wa suna Palaeonitella. Wato tun a lokacin kowa ya riga ya kama hanyarsa.

Sagir:
Na ji ta bakin duwatsu. Amma har yanzu hankali bai ɗauka ba. Yaya abu mai gaɓoɓi da rassa da ƙwai zai zama na nesa, zare tsirara ya zama na kusa? Ai ci gaba daga ƙasa yake zuwa sama.

Malam Habu:
A nan ne kuskuren yake, Sagir, kuma ni ma na daɗe a cikinsa. Muna ɗauka Spirogyra kakar tsirrai ce da ta tsaya cak ba ta motsa ba. Ba kaka ba ce, taubashiya ce. Ita da tsirrai kaka ɗaya suka haɗa, kuma tun daga ranar da aka rabu ita ma tafiya take yi, tsawon shekarun da tsirrai suka yi. Ita dai tafiyar tata ta bi ta hanyar sauke kaya. Ka lura da abu ɗaya: duk dangin Spirogyra, sama da iri 4,000, babu ko ɗaya mai wutsiyar iyo a kowane mataki na rayuwarsa. Alhali Mesostigma tana da ita, ƙwayar namijin Chara tana da ita, ta Coleochaete tana da ita, ta tsirran farko-farko ma tana da ita. Idan na gabanka da na bayanka duk suna da abu kai ba ka da shi, to yar da shi ka yi. Saboda haka ana kyautata zaton kakan da suka haɗa da tsirrai ya fi Spirogyra ta yau sarƙaƙiyar jiki, wataƙila mai rassa ne.

Me ya sa za a yar da wutsiya? Ka yi tunanin rayuwa a kududdufin da yau akwai ruwa, jibi ya ƙafe. Ƙwayar namiji mai iyo tana bukatar ruwa a tsaye. Su Spirogyra kuwa sai zare biyu su kwanta kusa da juna, kowace ƙwaya ta miƙo ɗan bututu, bututun su haɗu, abin ya zama kamar tsani, sai abin da ke cikin ƙwaya ɗaya ya tsiyaye zuwa ɗayar. Abin da aka samu sai ya yi wa kansa bango mai kauri, ya kwanta a cikin laka har ruwa ya dawo. Ni a ganina wannan gwaninta ce, ba koma baya ba.

Ummi:
Ikon Allah. Malam, wannan tsanin ana iya ganinsa da ƙaramin madubi irin na makaranta?

Malam Habu:
Sarai kuwa, ɗiyata. Spirogyra tana da kauri, ƙaramin madubi ya isa.

Baba Lawal:
Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji ne, na daɗe da ajiye aiki, amma wannan hira ta taso mini da tsohon tsumi. Yara, kada ku raina Chara don an ce ba ita ce ta kusa ba. Tsakanin gaɓa da gaɓa a jikinta akwai ƙwayar halitta guda ɗaya tak da kan kai santimita da dama a tsawo. Ku tsaya ku auna wannan: ƙwayoyin jikinmu sai da madubi, ita kuwa tata kana iya riƙe ta da yatsa. A Nitella, 'yar'uwarta, ƙwayar a fili take ba rufi, kana sa ta a madubi za ka ga ruwan cikinta yana gudu, ya hau ta wannan gefe ya sauko ta wancan, ba ya tsayawa. Gudun kan kai kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a daƙiƙa guda, wanda a duniyar ƙwayoyin halitta gudu ne na fitar hankali. Wani Ba'italiye, Bonaventura Corti, ya ga wannan tun 1774. In ka taɓa ƙwayar da ƙarfi, wani saƙon lantarki yana ratsa ta, gudun ya tsaya cik na ɗan lokaci sannan ya ci gaba. Na nuna wa ɗalibai wannan ba adadi, kuma ban taɓa gajiya da kallonsa ba.

Rukayya, in kin murza Charar taki a yatsa za ki ji kaushi. Sinadarin alli ne take tarawa a jikinta. Shi ya sa ƙwanta ke daɗewa a cikin duwatsu, ana samunsa da murɗinsa har na sama da shekara miliyan 400.

Rukayya:
Wallahi Baba na ji kaushin, har na ɗauka yashi ne ya maƙale. Allah ya ƙara lafiya.

Dakta Binta:
Amin. Baba ya yi gaskiya, kuma ita ma Spirogyra ta yi wa ilimi hidima. A farkon shekarun 1880 wani Bajamushe, Theodor Engelmann, ya yi amfani da koren ɗakinta mai kama da murɗaɗɗen ƙyalle. Ya haska ɗan tsinin haske a wurare dabam-dabam na ƙwayar, ya zuba bakteriya masu bin iskar oksijin, sai suka taru daidai inda hasken ya faɗa kan koren. Da haka ya nuna daga nan iskar take fitowa.

Kuma dangin nan sun fi zare yawa. Zygnema tana da koren ɗaki biyu a kowace ƙwaya, kamar taurari. Mougeotia nata kamar faranti yake: haske in ya yi rauni sai ta juyo shi ya fuskanci hasken, in ya yi tsanani sai ta juya shi ya ba da gefe. Sannan ga waɗanda ake kira desmid, su ne mafiya yawa a dangin, akasarinsu ƙwaya ɗaya ce mai ɓari biyu iri ɗaya da ɗan ƙugu a tsakiya. Closterium kamar jinjirin wata take, Micrasterias kamar an zauna an yi mata ado da almakashi. In za ta rabu, kowane ɓari sai ya tsiro da sabon ɓari, don haka kowace ɗaya rabinta tsoho ne rabinta sabo. Da yawansu ba sa son ruwan da taki ko ƙazanta ya shiga, shi ya sa masu auna lafiyar ruwa ke ƙirga su. Har a kan ƙanƙarar Girinlan akwai ɗan wannan dangi, Ancylonema, mai launin duhu da ke kare shi daga rana, kuma duhun nasa yana sa ƙanƙarar ta ƙara shan zafi ta narke.

Nura:
To ni na sauka daga kan maganata. Amma me aka gani a cikin gadon nasu da ya shafi rayuwar tudu?

Dakta Binta:
Abu mai yawa, Nura. An karanta cikakken gadon Klebsormidium a 2014, na Chara braunii a 2018, na Spirogloea da Mesotaenium a 2019, na Penium a 2020, ukun ƙarshen nan duk 'yan dangin Spirogyra ne. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne kayan aiki da dama da ake zaton tsirrai ne suka ƙirƙiro bayan sun hau tudu, ashe tun a gansakuka akwai tushensu: na jure bushewa, na kare kai daga zafin haske, na gina bango, da wani sashe na hanyar da tsirrai ke ƙulla zumunci da naman gwarin ƙasa a saiwarsu. A binciken Spirogloea da Mesotaenium ɗin an kuma ga alamar cewa wasu ƙwayoyin gado masu muhimmanci wajen jure ƙishi, daga bakteriyar ƙasa kakanninsu suka samo su. Wannan ne ya sa ni nake tare da masu cewa kakannin tsirrai sun riga sun saba da tudu tun suna gansakuka. Bakteriyar ƙasa a ƙasa ake cuɗanya da ita. Ga Klebsormidium tana zaune a jikin bango da ɓawon ƙasar hamada, ga Chlorokybus a ƙasa mai damshi, ga Spirogloea da Mesotaenium da ba cikin ruwa tsundum suke ba.

Malam Habu:
A nan kam zan saɓa miki, Dakta. Ki dubi Mesostigma, tana cikin waɗanda suka fara rabuwa a gidan, kuma ruwan daɗi take iyo da wutsiyarta. Chara a nutse take. Coleochaete a nutse take, manne a jikin ganyen ruwa ko dutse. Mafi yawan dangin Spirogyra ma a ruwa suke. Ni abin da na fi gamsuwa da shi shi ne ruwan daɗi ne makarantar. Wanda ya baro teku ya riga ya koyi zama ba gishiri, kuma ruwan sama da tsiron tudu ke sha ba gishiri a cikinsa. Bakin tafki kuma kullum cikin cika da janyewa yake. Bakteriyar ƙasa ai ruwan sama na wanko ta zuwa kududdufi.

Dakta Binta:
Malam, ban musa maka Mesostigma ba. Amma 'yar'uwarta ta kusa ita ce Chlorokybus, kuma ita a ƙasa take. Kuma wa ya ce Chara ba komawa ruwa ta yi ba? Tsirrai masu fure da yawa sun koma, ga bado nan shaida.

Malam Habu:
Komawar bado muna da hujjarta, domin danginsa na tudu sun kewaye shi, ga furensa a sama da ruwa. Ta Chara fa? Burbushinta mafi tsufa ma na ruwa ne.

Baba Lawal:
Ku biyun kuna jayayya a kan taki ɗaya na ƙasa. Bakin kududdufin da ya jiƙe da safe ya bushe da yamma, ruwa ne ko tudu?

Dakta Binta:
Baba, ni tudu zan kira shi, domin abin da ke kashewa a wurin bushewa ce da rana.

Malam Habu:
Ni kuma ruwa, ranka ya daɗe, domin ba a haihuwa a wurin sai ya jiƙe.

Sagir:
Wannan saɓanin ya fi kwantar mini da hankali a kan a ce komai an gama. Saura abu ɗaya. In gansakukar nan tana da kayan aikin tun can, me tsiro ya ƙaro da ya sa shi ya zama itace, ita ta zauna zare?

Malam Habu:
Babban abin shi ne riƙon ɗa. A duk waɗannan gansakuka, jikin da kake gani kundin gado ɗaya yake ɗauke da shi, wato kwafi ɗaya na dukkan ƙwayoyin gadonsa. In namiji da mace suka haɗu aka sami ƙwai mai kundi biyu, wannan ƙwan kaɗai ne mai biyu, kuma da ya tashi tsirowa sai ya raba kundin ya koma ɗaya-ɗaya. Tsiron tudu kuwa sai ya jinkirta wannan rabon. Ƙwan ya zauna a jikin uwa, tana ciyar da shi, ya yi ta rabuwa ya zama jiki mai ƙwayoyi da yawa, sannan daga baya ya fitar da ƙwayoyin iri masu tauri da iska ke ɗauka. Haɗuwa guda a wurin da ruwa ke wuya, sai ta haifar da iri masu ɗimbin yawa. Wani masanin tsirrai na Birtaniya, Frederick Bower, ya shimfiɗa wannan bayani a littafinsa na 1908. Itacen da kake gani yau, shi ne wancan jikin mai kundi biyu da ya girma ya mamaye rayuwar.

Coleochaete ta taɓo gefen wannan. Wasu irinta suna riƙe ƙwan a jikinsu, su lulluɓe shi da ƙwayoyi, har ana ganin bangon ƙwayoyin da ke kewaye da shi ya yi lanƙwashe-lanƙwashe irin na masu miƙa abinci. Shi ya sa ita ma an taɓa ba ta kujerar 'yar'uwa ta kusa. Amma ƙwan nata bai zama jiki mai kundi biyu ba, raba kundin yake yi tun a rabuwar farko.

Rukayya:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana shida. Na roƙi ragowar Spirogyrar, na zuba ta a ruwa mai tsabta na ajiye a bakin taga. Yau na lura ta rage kore, ta ɗan yi ruwan ƙasa, yauƙin ma ya ragu, har na ɗauka ta mutu. Da na sa a madubi sai ga tsanin da Malam ya faɗa. Zare ɗaya ƙwayoyinsa duk wayam, ɗayan kuma kowace ƙwaya da wani abu mai duhu kamar ƙwai a ciki. Na ƙirga goma sha ɗaya a jere. Yanzu me zan yi da su?

Ummi:
Masha Allah, Yaya Rukayya ki ɗauko mana hoto don Allah.

Malam Habu:
Madalla, ɗiyata. Ƙarancin abinci a ruwan da kuma hasken tagar ne suka tura ta. Ki raba su biyu. Kashi ɗaya ki bar shi a ruwansa. Ɗayan ki zuba a ɗan faranti ki bar shi ya bushe a inuwa a hankali, ki rubuta kwanan wata a jiki. Bayan wasu makonni ki zuba masa ruwan tafki da kika tace, ki mayar bakin taga, ki riƙa ɗiban ɗigo kina dubawa duk bayan kwana biyu. Abin da za ki nema shi ne bango mai duhu da ya tsage, da ɗan koren zare guda ɗaya yana leƙowa daga ciki.